Amsoshin Tambayoyinku: Ina Fatar Illela Take Zuwa?

Wani mai sauraronmu daga Illela yana tambaya: shin waya za ta iya nuna inda fatar da yake sayarwa take ƙarewa?

To Malam, fatar jar akuyar Sakkwato kan bi ta majemun Kano, irin na Challawa, ta wuce Italiya a yi jaka da takalma masu tsada. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar da za ta sa tufafi su ɗauki lambar da ake haskawa da waya a ga asalinsu. Sai dai abin da aka shigar kawai lambar take nunawa, kuma fatar da ta tsallako iyaka daga Konni ba kasafai ake rubuta ta ba. Don Allah 'yan fata, ku fara rubuta wanda ya kawo da nawa aka biya shi.