Amsoshin Tambayoyinku: Digiri na Biyu Kan Tunanin Siyasar Dā

Wani mai sauraronmu daga Kafanchan yana tambaya, wai sai ya ƙetara zuwa Turai kafin ya yi digiri na biyu kan tunanin siyasar ƙarni na 15 zuwa na 18? Malam, ba lallai ba ne. Tun kafin Machiavelli ya rubuta littafinsa kan mulki a 1513, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Tuntuɓi sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, maƙare yake da tsofaffin takardu. Sai dai fa ka wasa Larabcinka, domin rubutun Magaribi, mai ɗigon "fa" a ƙasa, yakan rikita wanda ya saba da bugun Masar.