Likita Parry da Almajiransa

A shekarar 1969 wani likita Bature, wanda ake kira Eldryd Parry, ya sauka Zariya. Mutumin Wales ne, wata ƙasa da ke maƙwabtaka da Ingila, can aka haife shi a 1930. Kafin ya zo ya yi aiki a Ibadan da Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauko shi don ya koyar da aikin likita, gama ba ta daɗe da buɗe makarantar likitoci ba. Asibitocin da take koyarwa a cikinsu a lokacin kuwa suna Zariya da Kaduna, da kuma Malumfashi, wadda ke kudu da Dutsin-Ma.

To, a zamanin nan littattafan likita daga Turai ake kawo su, yawancin labarinsu kuwa na cututtukan Turawa ne. Yaro zai haddace ciwon da mai yiwuwa ba zai taɓa gani ba, amma in an kawo masa manomin da kububuwa ta sara, sai ya tsaya yana laluben shafi. Parry ya ga wannan ba shi da kyau. Saboda haka ya fi son koyarwa a bakin gadon majiyyaci. Nan almajiri zai duba mutum da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa, ya tambaye shi garinsu da sana'arsa da abin da yake ci.

Ga misalin amfanin irin wannan tambaya. An riƙa kawo mata masu jego asibitin Zariya, ƙafafunsu sun kumbura, numfashi yana yi musu wuya, zuciya ta gaza. Me ya kawo haka ga mace mai ƙuruciya? Parry da abokan aikinsa suka bi al'amarin har gida. Suka tarar mai jego tana wanka da ruwa mai zafi ƙwarai safe da yamma har kwana 40, tana kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, tana kuma shan kunun kanwa. Ita kanwa, kamar gishiri, tana tara ruwa a jiki. Zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. In suka haɗu, sai nauyin ya yi wa zuciyar waɗansu mata yawa. Ba su kaɗai ke kawo ciwon ba, amma lalle wanda bai san wankan jego ba da wuya ya gane shi.

Waɗansu samarin likitoci da suka yi aiki tare da shi a Zariya sun yi suna a duniya daga baya. David Warrell ya shahara kan sarar maciji, Brian Greenwood kuwa kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A 1976 Parry ya tara ilmin likitoci da yawa ya fitar da babban littafi mai suna Principles of Medicine in Africa, watau ka'idodin aikin likita a Afirka. An yi masa bugu na huɗu a 2013.

A 1977 ya koma Ilorin ya shugabanci sabuwar makarantar likitoci. Can aka shiga tura almajirai ƙauyuka tun suna farkon karatu, su zauna da mutane, su ga rijiyar da ake sha. A 1980 ya wuce Kumasi ta ƙasar Ghana. Ya rasu a 2022.

Tambayoyi

1. Don me Parry ya fi son koyarwa a bakin gadon majiyyaci?
2. Yaya kanwa da zafi suke wahalar da zuciyar mai jego?
3. Wane asibiti na ƙasar Katsina aka ambata cikin wannan darasi?