Muhimmancin Wasa Ga Yaro Da Babba

A wurin mutane da yawa kalmar wasa ba ta da wani mutunci. Idan yaro ya faɗi jarrabawa sai a ce wasa ya yi masa yawa, idan kuma aka raina aikin mutum sai a ce ai wannan wasan yara ne. Wannan ya sa wasu iyaye suke ganin duk lokacin da yaro ya yi a dandali ko a filin ƙwallo asara ce, gara ya rungumi littafi tun daga asuba har barci. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in nuna cewa wasa ma makaranta ne, kuma akwai darussan da ba a samunsu a jikin allo sai a cikinsa. Ba sai mun tafi nesa neman hujja ba, birninmu na Katsina ya ishe mu misali.

Da farko mu duba wasannin da iyayenmu suka yi a dandali lokacin farin wata. Langa ita ce babbar wasan yara maza. Kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita ke nan. Kowane ɓangare yana da yaro guda da ake kira ruwa, sauran kuwa aikinsu su kare shi daga abokan hamayya har ya kai wurin sha. Wanda ya dubi wannan wasa da idon basira zai ga ƙarfin ƙafa da daidaita jiki, zai kuma ga abin da ya fi su, watau yara sun koyi cewa nasarar mutum ɗaya tana rataye a wuyan jama'arsa. Ƙaton da ya bar ruwansa ya tafi nuna ƙarfi, ɓangarensu ne za a cinye.

Dara kuwa wasan tunani ce. A haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsakuwa wancan tsinke. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci ɗaya daga cikin 'ya'yan abokin karawarsa. Ba a cin dara da gaggawa, sai mutum ya hango abin da abokinsa zai yi kafin ya yi shi. Wannan ba shi da bambanci da irin tunanin da malamin lissafi yake nema a wurinmu. 'Yan mata su ma suna da nasu. Carafke tana koya wa ido da hannu aiki tare, gaɗa tana koyar da hadda da fasahar harshe, wasan 'yartsana kuma shi ne ajin farko na reno. Yaron da ya zauna ya fere kara ya haɗa mota mai ƙafafu huɗu, ba tare da kowa ya zana masa ba, ya fara aikin injiniya ko da bai san sunan ba. Haka nan idan azumi ya kwana goma, yara sukan fita tashe, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wata ta sa rigar maza ta zama maigida. Mutane suna dariya, amma a cikin dariyar ana yi wa marowaci da malalaci hannunka mai sanda.

Abin lura a nan shi ne, a duk wasannin nan babu malami mai bulala a tsaye. Yara su ne suke kafa doka, su ne suke hukunta wanda ya karya ta. Mai ha'inci ba ya daɗewa a dandali, domin gobe ba wanda zai yarda ya shiga ɓangarensa. A nan ne yaro yake fara sanin ɗacin a cinye shi, ya haɗiye fushinsa, ya dawo washegari ya sake gwadawa. Wanda bai koyi wannan yana ƙarami ba, da wuya ya iya jure faɗuwa a jarrabawa, ko a kasuwa, ko a zaɓe, in ya girma. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce wannan duk zancen ƙuruciya ne, wanda yake son ya zama babban mutum dole ya bar wasa. To, mu dubi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, gininta kuma yanzu ya zama gidan tarihi. Daga cikinta aka sami Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Karatun wannan kwaleji ba na wasa ba ne, amma duk da haka an ware wa ɗalibai lokacin kurket da fayif. Shi fayif wasa ne da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila. Sardauna, wanda ya gama kwalejin a 1931, gwani ne a wannan wasa, bai kuma daina shi ba ko bayan da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Idan mutumin da nauyin Arewa duka yake kansa ya ga ya kamata ya motsa jiki, wane ne a cikinmu aiki ya fi yi wa yawa?

Haka kuma gidan sarautar Katsina ya shahara da ƙwallon dawaki, watau folo. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ne ya kafa wannan wasa a Katsina. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a ma'aunin gwanintar folo, wanda ƙarshensa 10 ne. Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman duk sun bi wannan sawu. Folo ya sa sunan Katsina ya kai inda ba a zata ba, ya kuma raya kiwon dawaki da sana'o'in da suke tattare da shi.

Wasan manya bai tsaya a fili kaɗai ba. Bahaushe yana da wasan barkwanci tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, har da tsakanin ƙabilu, kamar Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari. Maganar da in wani ya faɗa za a kai ga alƙali, abokin wasa zai faɗe ta a yi dariya a wuce. Ta wannan hanya kakanninmu suka kashe wutar gaba da yawa tun ba ta kama ba. Addininmu ma bai hana wasa mai tsabta ba. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma yakan yi wasa da jikokinsa Hasan da Husaini.

Duniya ta yau ta gane abin da muka daɗe da sani. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Majalisar ta kuma ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya, aka fara bikinta a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, babba kuma aƙalla minti 150 a mako, domin zaman wuri ɗaya yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya.

To, amma ina muka kwana yau? Filayen unguwa da yawa sun zama shaguna da gidaje. Yaro ya tashi daga boko ya wuce islamiyya, daga can ya zauna darasin gida, ɗan lokacin da ya rage kuma waya ta cinye shi. Wasan cikin waya yana motsa yatsa ne kawai, ba ya sa gumi, ba ya kuma koya wa yaro zama da mutane. Akwai ƙannenmu da yawa da ba su taɓa kama ƙafa sun yi langa ba.

Ba ina cewa a sakar wa yaro linzami ba ne. Wasan da ya hana salla, ko ya ci lokacin karatu, ko caca ta shiga cikinsa, ya tashi daga wasa ya zama ɓarna. Abin da nake roƙon iyayenmu shi ne su ba wasa lokacinsa kamar yadda suka ba karatu nasa, su san inda yaro yake wasa da waɗanda yake yi da su, mata da maza duka. Masu unguwanni da hukumomi su taimaka a bar wa yara ko da ɗan fili ɗaya a kowace unguwa. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, idan an kaɗa ƙararrawar wasanni kada mu laɓe a aji ko a ɗakin kwana, mu fita fili, sa'an nan mu roƙi kakanninmu su koya mana dara da carafke tun suna raye. Allah ya ba mu lafiya da ilmi mai amfani, amin.