Yadda Ake Gyaran Tiredin Salansa a Tsohon Babur

Gabatarwa

A wannan 'yar maƙala zan yi bayani ne a kan wata matsala da nake yawan gani a wurin bakaniken unguwarmu ta Adarawo a Yola, inda mutanen Fufore da Ngurore kan kawo tsofaffin baburansu irin su Honda CG125 da Jincheng. Matsalar ita ce cinyewar tiredi a mahaɗar salansa da kan inji. Kalmar tiredi aro ce daga Ingilishi, tana nufin zaren nan da ke kewaye da jikin kusa, wanda noti ke bi idan ana ɗaure shi.

Abin da ke Jawo Matsalar

Da alminiyam ake yin kan inji, kusoshi biyun da ke riƙe salansa kuwa na ƙarfe ne. Alminiyam ya fi ƙarfe taushi, kuma idan ya ji zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. Yau zafi gobe sanyi, ga jijjigar hanya, sai kusa ta yi sako-sako. Mai babur kuma ya ɗauki sifana lamba 10 ya matse da iya ƙarfinsa, daga nan tiredin ramin ya tafi. Idan aka bar shi haka, babur zai riƙa ƙara, hayaƙi ya cinye gaskit, har bawul ya iya ƙonewa.

Hanyoyin Gyara

Da farko a bar inji ya huce, a zuba mai a kan kusar, a kwance ta a hankali. Daga nan sai a duba girman ɓarnar.

1. Idan tiredin ya ɗan lanƙwashe ne kawai, sai a bi ramin da ƙarfen yanka tiredi mai girma ɗaya, a sa sabuwar kusa.

2. Idan ya cinye ƙarƙaf, ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon tiredi, a zura wata waya mai kama da sifirin da ake kira Helicoil. Kusa mai girman ta asali za ta zauna daram.

3. Idan ba a sami wayar ba, kuma akwai kauri a gefen ramin, ramin kusa mai milimita 6 sai a huda shi da bakin huda mai milimita 6.8, a yanka tiredin milimita 8. Ramin wuyan salansa ma sai an faɗaɗa shi.

Kowace aka ɗauka, dole hudar ta tafi a miƙe, kuma a ɗaura alama a jikin bakin hudar don kada a wuce zurfin ramin asali. A shafa giris domin ya kama garin alminiyam.

Kammalawa

Shawarata ga ɗan'uwa mai babur ita ce kada ya yarda a ɗaure masa salansa da waya, kada kuma ya yi saurin sayen sabon kan inji, domin kuɗin gyaran bai kai nasa ba. A sa sabon gaskit, a ɗaure notin biyu bi da bi, a tsaya da zarar sun kama. Idan inji ya yi zafi ya huce, a sake duba su. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.