Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne

Darasinmu na wannan fitowa a kan majinyacin da ya kasa cin abinci ne.

Da yawanmu in mun ga an rataya wa mara lafiya ledar ruwa, sai hankalinmu ya kwanta, mu ce ai ya samu abinci. Ba haka ba ne. Wata ledar ruwa ne da gishiri kawai, gram 9 a lita ɗaya. Wata kuma ruwan sukari ce: leda mai rabin lita da aka fi sawa tana da gram 25, kamar cokalin shayi 6. Ƙarin ruwa yana mayar da ruwan da gudawa ko amai suka zubar, kuma ta nan ake ba da magani, amma ba ya gina jiki. Wanda ya daɗe a kansa kaɗai zai rame.

Shi ya sa likita kan ce a sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki, a riƙa ɗura madara ko koko da aka tace. Kada mu ƙi. Ba alamar ajali ba ce, ana cire ta in mutum ya iya haɗiya. Idan hanjin ne ba ya aiki, akwai abinci na musamman da ake bayarwa ta jijiya, amma wannan aikin babban asibiti ne.

Mu kiyaye abu huɗu:

1. Kada mu ɗura koko ko rubutu a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Zai iya shaƙewa, abin ya faɗa huhu.
2. Kada mai shagon magani ya sa mana ruwa a ɗaki. Ruwa in ya yi yawa yana cika huhu, musamman ga yaro da tsoho.
3. Kada mu taɓa maƙunnin ledar don ta yi sauri.
4. In wurin allura ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, mu kira nas nan take.

A fara da asibitin Maamobi. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mu Ridge ko Korle Bu. Lambar gaggawa 112 ce. A sabunta katin inshorar lafiya, wato NHIS, ta *929# tun kafin ciwo ya zo. Wanda Turanci ke ba shi wuya, ya nemi tafinta a ofishinmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.