Kurma a Bakin Kanta

Kurma abokin ciniki ne kamar kowa. Yana sayen magani, yana cire kuɗi wajen mai POS, yana kai shinkafa injin casa, yana hawa kabu-kabu daga Gulma zuwa Argungu, in ta kama ya shiga mota a tasha ya nufi Birnin Kebbi ganin likita. Abu ɗaya ya raba shi da sauran masu saye. Cinikin ƙasar Hausa da baki ake yin sa, tun daga sallama zuwa tayi, zuwa albarka, zuwa "na sallama", shi kuwa wannan ƙofa a rufe take gare shi. Kyautata masa a wurin hidima ba ya cin ko sisi, amma yana da hanyoyinsa, kuma galibin masu kanti ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu. Bayanin nan daga bayan kantar kemis ya fito, wurin da rashin fahimtar juna ba ya tsayawa kan canjin naira ɗari.

Kurame ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin wannan shi ne farkon aiki. Akwai wanda aka haifa ba ya ji, ko jin ya tafi tun bai fara magana ba. Shi ne jama'a ke kira bebe, alhali harshensa lafiya lau yake, bai dai taɓa jin sautin da zai kwaikwaya ba ne. Akwai wanda ya girma da jinsa, ciwo ya zo ya ɗauke, bakinsa na magana tsaf amma amsar da aka ba shi ba ta isa gare shi. Akwai tsohon da kunnensa ya yi nauyi, da mai injin niƙa da ƙarar injin ta cinye masa ji a hankali. A jihar Kebbi da maƙwabtanta sankarau na cikin manyan masu laifin ɗauke ji. Jihar na cikin yankin da cutar ke tashi da bazara, annobar 1996 ta ratsa Arewa, ta 2017 kuma ta kama Zamfara, Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, kuma cikin waɗanda suka tashi daga ciwon akwai da yawa da suka tashi babu ji. Bayan sankarau sai ƙyanda, sai ruwan kunnen da aka yi wa sakaci, sai wasu magunguna irin allurar jentamaisin da kinin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya kamata ya sa duk mai kemis ya shiga taitayinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na al'ummar duniya, ke da raunin ji da ke buƙatar taimako.

Hanyar maganarsu ma ta bambanta. Hausawa na da tasu maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, da kurame suka gada kaka da kakanni a kasuwa da dandali. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta nuna cewa harshe ne cikakke mai tsarin kansa, ba wai nune-nune ba. A Kano har sarkin bebaye akwai. Ta ɗaya gefen kuma akwai maganar hannu ta makaranta, wadda tushenta Amurka ne. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke, shi ya kawo ta Najeriya wajen 1960, kuma ita ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano. Wanda ya yi makaranta zai iya rubuta abin da yake so a takarda ko a waya, amma sau da yawa da Turanci ya koyi rubutu, ba da Hausa ba. Wanda bai yi ba kuwa, kuma su ne suka fi yawa a karkara, miƙa masa takarda da biro tamkar ƙara masa wani nauyin ne. Mai kanti sai ya gwada ya ga wacce hanya ce ta karɓi wanda ke gabansa.

Abin mamaki, tsohuwar kasuwa ta fi ofis iya wannan sha'ani. Dillalin kifi a Argungu ya saba ciniki da Bazabarmen da ya ƙetaro daga Doso, ko Bafulatanar da Hausarta ba ta nuna ba, don haka yatsunsa da fuskarsa sun san aiki. Kurma in ya zo gare shi ba baƙon abu ba ne. Matsalar takan fara ne a inda aka sa gilashi ko ragar ƙarfe tsakanin mai hidima da jama'a, ma'aikaci ya sunkuyar da kai kan rajista yana magana da teburi.

Abu na farko shi ne yadda ake jawo hankalinsa. Kira daga baya aikin banza ne, kuma wanda aka yi wa sallama bai amsa ba kada a yi saurin cewa girman kai ne. A zagayo ta inda idonsa zai gani, a ɗaga hannu, ko a taɓa kafaɗarsa a hankali, mace kuma a ɗan buga teburin da ke gabanta da yatsa ta ji motsin. Jifa da tsakuwa da finciko riga, waɗanda har manya ke yi, cin fuska ne. Daga nan sai a tsaya fuska da fuska. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to ga kurma maganar ta wuce karin magana, domin a fuskar yake karanta ko an gane shi, ko an gaji da shi, ko ana yi masa dariya. Haske ya kasance kan fuskar mai magana, ba a bayansa ba. In wutar lantarki ta ɗauke da dare, mai kanti ya haska fuskarsa da hannayensa da tocilar waya, ba idon abokin cinikinsa ba. Goro ko asawaki a baki, takunkumin hazo, bakin rawani, duk suna rufe hanya. Lokacin korona a 2020, da kowa ya ɗaure baki, kurame da yawa sun koma kamar waɗanda aka kashe wa fitila.

Ɗaga murya ba ya ƙara komai ga wanda ba ya ji sam. Iyakar abin da yake yi shi ne ya murtuke fuskar mai magana ta yi kama da ta mai faɗa, ya kuma tara wa mutum jama'a. Karatun leɓe ma bai kai yadda ake zato ba. A gwada a gaban madubi: bari, ɓari, mari, duka ukun siffa ɗaya suke fita a leɓe, kuma a kemis ba ƙaramin abu ne ke tsakanin bari da ɓari ba. Ka da ƙa da ga a can cikin baki ake yin su, ido ba ya ganinsu. Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda Hausa ke rarrabe kalmomi da su, da wuya a gane su a leɓe. Biyu da biyar farkonsu ɗaya. Saboda haka kuɗi ba abin da za a bar wa leɓe ba ne. A buga adadin a kalkuleta ko a waya a juyo masa, ko a fito da takardun kuɗin a nuna. Canji kuma a ƙirga shi a kan kanta a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, maimakon a dunƙule a cusa masa a hannu. Shi ma yana da haƙƙin tayi. In ya girgiza kai ya buga nasa farashin, ciniki ne ya kankama, ba rigima ba. Mai POS ya juyo masa da fuskar na'urar ya ga adadin kafin ya sa lambarsa, ya kuma ba shi rasit ko da bai nema ba, domin "kuɗin sun shiga" da aka faɗa da baki bai isa gare shi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bayanin yadda ake amfani da abin da aka saya. Mai wannan rubutu ya taɓa ɗaga wa wani matashi kurma yatsu uku a kan ƙwayar magani, nufinsa sau uku a rana. Matashin ya gyaɗa kai ya tafi. Washegari yayarsa ta dawo da shi jiri na ɗibarsa, ashe guda uku ya haɗiye a lokaci ɗaya. Allah ya kiyaye maganin ba mai kisa ba ne, amma laifin ba na matashin ba ne. Yatsu uku na iya zama ƙwaya uku, sau uku, ko kwana uku. Gyaɗa kai kuwa ba shaida ba ce, domin kurma ya saba gyaɗa kai don kawai a rabu lafiya, ganin layi ya taru a bayansa kuma fuskar mai kanti ta fara canzawa.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗauki ambulan ɗin magani a zana rana tana fitowa, rana tsaka, da jinjirin wata, a ƙarƙashin kowanne a ɗiga yawan ƙwayoyin. Maganin zazzaɓin cizon sauro mai ƙwaya 24, wanda babba ke shan huɗu huɗu sau shida cikin kwana uku, a nuna masa kowane rukuni a jikin katin, a nuna agogo don tazarar awa takwas da ke tsakanin shan farko da na biyu, a nuna cewa da abinci ake sha. Ruwan maganin yara a girgiza kwalbar a gabansa, a ɗiba har layin da ake so a cikin murfin awo, a yi wa layin alama da biro. Maganin ɗigawa a nuna ido ko kunne sarai, don kwalaben sun yi kama. Sa'an nan a miƙa masa a ce shi ma ya nuna. Wannan mayar da bayani shi ne kaɗai tabbacin an fahimci juna, kuma bai wuce minti biyu ba. Haka mai sayar da maganin feshi ya kamata ya yi wa manomin fadama, murfi nawa a cikin goyon feshi guda, haka mai taki, haka mai gyaran waya.

Sau da yawa kurma kan zo da ɗan rakiya, ƙane ko ɗa ko maƙwabci. Nan ma akwai wani kuskure da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Sai mai kanti ya juya gaba ɗaya ga ɗan rakiya, "me yake so?", "gaya masa babu", a gama ciniki mai kuɗin yana tsaye kamar kaya. Ɗan rakiya tafinta ne kawai. Ido ya tsaya kan mai saye, shi za a nuna wa kaya ya zaɓa, shi za a miƙa wa canji. Akwai kuma maganar sirri. Magidanciyar da ta zo da ɗanta ɗan shekara goma ba za ta so bayanin ciwon mara ko tsarin iyali ya bi ta bakinsa ba. In akwai mace a cikin ma'aikata, ta ja ta gefe su yi da hannu da zane. Maganar hannu daga nesa ake ganinta, don haka abin da mai ji zai faɗa da raɗa, ita sai an kare ta daga idon jama'a. Hira a kansa da wani abokin ciniki ana kallonsa ana murmushi kuwa, ya gani, kuma ya san da shi ake. Mafi yawan zafin ran da ake jingina wa bebaye daga nan yake tasowa, daga tsokanar yaran kanti da dariyar manya, ba halitta ba ce.

Layi ma na da nasa tarkon. A asibiti, banki da wurin rabon taki, suna ake kira. Kurma kan zauna tun safe, a kira shi sau uku a wuce, sai azahar wani ya lura. Ma'aikacin da ya karɓi katinsa ya yi wa katin alama, in lokacinsa ya yi ya taso ya yafuto shi. Kamasho a tasha ya nuna masa motar da hannu ya kuma shaida wa direba inda zai sauka, tun da ba zai ji ana kiran sunan gari ba. Wannan ma ba alfarma ba ce zalla. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sauraronsu a wurin layi, ta kuma wajabta wa asibitocin gwamnati tanadin hanyar sadarwa ga masu lalurar ji da magana. Ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Tafintan maganar hannu dai ba su wadata ba, ballantana a garuruwa irin Gulma, don haka nauyin na komawa kan wanda ke bakin kanta.

Tausayin da ya wuce wuri shi ma yana da ciwo. Kurma da ya shigo da kuɗinsa a aljihu, manomi ne ko tela ko masunci, a tarbe shi da naira hamsin ana nuna masa ƙofa a zaton bara ya zo, an ci masa mutunci ko da da niyyar sadaka aka yi. A bari ya nuna abin da ya kawo shi tukuna.

Saura abin da ke biyo bayan ciniki. Tela ko mai gyara da ya karɓi lambar wayar kurma ya rubuta a gefenta cewa saƙo za a tura, ba kira ba, ba kuma saƙon murya na WhatsApp ba. Hoton kayan da aka gama ya wadatar ko ga wanda bai iya karatu ba. Alamomi goma zuwa ashirin, na gaisuwa, nawa, babu, gobe, jira, na gode, sun isa su ɗauki yawancin cinikin yau da kullum, kuma mafi iya koyar da su shi ne kurman unguwar da ke zuwa kantin kowane mako. A kemis, yaron kantin da aka koya wa su ya fi mai gida muhimmanci, domin shi ne ke bakin kanta da rana tsaka lokacin da mai gida ya tafi Birnin Kebbi saro kaya.