Kafin ka zagaya tsibirin Cumbrae, fara duba jirgin dawowa

Aikina jagorancin masu tattaki ne a yammacin Sikotlan. Yawancin waɗanda nake fita da su ɗalibai ne sababbin zuwa Gilasgo, cikinsu har da 'yan gida daga Kano, Zariya da Maraɗi. Wurin da na fi kai su shi ne Great Cumbrae, wani ɗan tsibiri a mashigin tekun Clyde. Daga Gilasgo, jirgin ƙasa zai kai ka garin Largs cikin kamar awa ɗaya, daga nan jirgin fito ya tsallaka da kai cikin minti goma. Hanyar da ta kewaye tsibirin ta bakin teku kusan kilomita 16 ce, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara. Wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane. Da sun ji minti goma, sai su fito kamar za su sayo burodi a bakin layi.

Abin da nake fara tambaya a tashar Largs, tun kafin a sayi tikiti, shi ne ƙarfe nawa jirgin ƙarshe yake barin tsibirin. Daga nan nake lissafi da baya. Mai ƙwarin ƙafa zai gama zagayen cikin awa huɗu. Ayari mai ɗaukar hoto da cin abinci da tsayawa salla, a ba shi biyar da rabi. Sai in ƙara awa guda ta ko-ta-kwana, kuma jirgin da nake nufa shi ne na gabanin na ƙarshe, don iska mai ƙarfi tana iya sa a dakatar da fito. Jadawalin hunturu ma ya fi na bazara gajarta. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma bayan gari babu fitilun titi. A watan Yuni kuwa har ƙarfe goma na dare da sauran haske.

Sai batun ta ina za a fara. Garin tsibirin ɗaya ne, Millport, yana kudu, kimanin kilomita shida daga inda jirgi yake sauke mutane. Yawanci da an sauka sai a karya hagu, a nufi gari, a ci a sha a sake, sannan a fuskanci ragowar kilomita goma da gajiya a jiki. Ni dama nake bi. Mu fara da arewa, mu wuce ginshiƙin tunawa da wasu matasan sojan ruwa biyu da suka nutse a 1844, mu gangaro ta yamma muna kallon duwatsun tsibirin Arran. Wannan ɓangaren ba kowa sai tumaki da tsuntsaye. Akwai wurin shan shayi a Fintry Bay, amma ba na dogara da samun shi a buɗe in sanyi ya shigo. Idan ƙafa ta gaza, ta gaza muna dab da gari, inda bas yake ɗaukar mutane zuwa bakin jirgi.

Abin da ya fi ba ni aiki da mutanenmu shi ne teku kanta. Wanda ya tashi a gaɓar kogi ya san ruwa yana cika da damina, ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu take cika a kwana ɗaya, sau biyu ta janye, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. Wata ranar Asabar a watan Nuwamba, mun tsaya cin abinci a ɓangaren yamma, wani ɗalibi ya hango wani faffaɗan dutse can cikin fili, ya ɗauki dardumarsa ya tafi yin azahar. Ina rarraba shayi, ban ankara ba sai da na ɗaga kai na ga ruwa ya malale kwarin da ke tsakaninsa da mu.

Na ƙwala masa kira: "Ƙanena, taho yanzu, kada ka tsaya naɗe darduma!"

Ya ce, "Yaya, ai ɗazu busasshe ne."

Ruwan bai wuce ƙwauri ba, amma gansakukar da ke jikin duwatsun ta fi sabulu santsi. Ya zame ya zauna a ciki daɓas. Bai ji ciwo ba, sai dai wandon jins ne a jikinsa, shi kuwa jins in ya jiƙe ba ya bushewa, zuƙe ɗumin jiki yake yi. Kafin mu yi kilomita ɗaya haƙoransa suna haɗuwa. Wandon da nake ajiyewa a ƙasan jaka saboda irin wannan rana shi ya fitar da mu. Laifina ne, don ban yi musu bayanin cikar teku a cikin jirgi ba. Tun ranar nake yi, kuma salla a kan ciyawa muke yin ta, sama da layin busasshen ganyen teku da ruwa yake bari a iyakar cikarsa.

Ruwan nan ko da bazara sanyi gare shi. Wanda ya faɗa ciki, numfashinsa zai sarƙe a mintin farko ko da ya iya iyo. Shawarar masu ceto ita ce ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu har numfashi ya daidaita. Wanda ke tudu kada ya bi shi ciki, ya buga 999 ya nemi masu gadin gaɓar teku.

Kayan tafiya ba su da yawa. Rigar ruwa ko da gari ya waye garau, ruwan sha, dabino ko gyaɗa, tocila, waya cike da caji. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon kambas da aka saya jiya don hoto, kafin a kai Fintry Bay ya fitar wa mutum bororo a diddige. Kuma hanyar nan titi ce, da motoci da kekunan haya da yawa, musamman a ƙarshen mako. A nan motoci hagu suke bi, don haka mai ƙafa ya riƙe dama yana fuskantar abin da ke tahowa, a jere ɗaya bayan ɗaya in an zo kwana.

A Millport akwai wani dutse a bakin ruwa da aka yi wa fenti kamar kada, da ido da haƙora. Kowa sai ya hau an ɗauke shi hoto. Minti goma nake ba su a wurin, ina tsaye da jadawalin bas a hannu.